Ancoats: Unguwar Da Aka Ceci Bulonta

Daga tsakiyar birnin Manchester, tafiyar minti goma ce a ƙasa idan ka nufi arewa maso gabas. Kana tsallake babban titin Great Ancoats sai ka faɗa wani siririn titi mai suna Redhill. Ta hannu ɗaya ruwa ne kwance, baƙi wuluk, cikin hanyar ruwan da mutane suka haƙa da hannu, wadda ake kira Rochdale Canal. Ta ɗaya hannun kuma bango ne na jan bulo, hawa bakwai, hawa takwas, tagogi jere reras kamar an ja musu igiya. Ɗaga kai da kyau za ka ga tukwanen furanni a bakin wasu tagogin, a wata kuma keke a jingine, wani ya shanya tawul. Mutane ne ke kwana a ciki. Shekaru 200 da suka wuce babu mai kwana a waɗannan ɗakuna, sai dai mai gyangyaɗi a tsaye, shi ma idan mai duba aiki bai gan shi ba.

Wannan ita ce Ancoats, unguwar da masana tarihi da yawa ke kira unguwar masana'antu ta farko a duniya. Labarinta ya isa a tsaya a kansa, domin a cikin 'yan tituna kaɗan ana iya ganin yadda Turawan Ingila ke ceton tsofaffin gine-gine, da abin da ceton ke ci, da kuma wanda ke biya.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18 Ancoats ƙauye ne a gefen gari, gonaki da 'yan bukkoki. Abu biyu suka sauya shi. Na farko injin tururi, wanda ya 'yanta masana'antar auduga daga bakin kogi. A da sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi ake kafa injin kaɗi, yanzu kuwa ko'ina aka samu kwal an samu ƙarfi. Na biyu hanyar ruwa, wadda aka kammala buɗewa a 1804, jirage suna shigo da kwal da auduga har ƙofar masana'anta. Tun ana cikin haƙa ta masu wayo suka sayi filayen bakinta.

Masu wayon nan ba 'yan gari ba ne. Wa da ƙane, Adam da George Murray, da abokan kasuwanci biyu, James McConnel da John Kennedy, duk daga yanki ɗaya suka fito a kudu maso yammacin Sikotlan. Sun zo ne suna samari, suka koyi ƙera injuna, sannan suka ga gara su riƙa kaɗin da kansu maimakon sayar wa wasu injin. A 1797 zuwa 1798 kowane ɓangare ya ta da gininsa na farko, maƙwabtan juna, bango kusa da bango. 'Yan gidan Murray suka ci gaba da ƙari, har zuwa 1806 sun kewaye fili guda da gine-gine ta kowace kusurwa, mazarai wajen 84,000 na juyawa a ciki. A zamanin babu masana'antar kaɗi da ta kai ta girma.

Injin da suke amfani da shi wani mutum ne mai suna Samuel Crompton ya ƙirƙiro a 1779. Sunan da Turawa suka laƙaba masa ma'anarsa alfadari, domin barbarar injuna biyu ne da suka riga shi, kamar yadda alfadari yake ɗan jaki da goɗiya. Abin da tsohuwa ke yi da mazari ɗaya da tasa da alli, shi injin nan ke yi da ɗaruruwan mazarai a lokaci guda, kuma zarensa siriri ne ƙwarai, mai ƙarfi. A nan ne Ancoats ta yi suna: zare mai laushi na tsada, ba abawa ba.

Tsarin ginin gidan Murray kaɗai ya isa ya gaya maka yadda zaman yake. Ƙofa ɗaya ce tak, wata 'yar baka a titin Murray, ta nan kowa zai shiga ta nan zai fita, a gaban idon masu gida. A tsakar gidan akwai tafki, wanda aka haɗa da babbar hanyar ruwa ta wani rami a ƙarƙashin titi, jirgi ya shigo ya sauke kaya ba tare da kowa a waje ya gani ba. A ciki, ana barin ɗakunan da zafi da laima da gangan, don busasshiyar iska tana tsinka zare. Masu kaɗi ba takalmi suke aiki, a kan katakon da ya sha man inji. Ƙurar auduga tana shiga huhu ta zauna. Yara ne ke bin injin suna ƙulla zaren da ya tsinke, ƙanana daga cikinsu kuma suna rarrafawa ƙarƙashinsa suna share burbushi alhali yana tafiya. Dokar 1819 ce ta fara hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba a masana'antun auduga, ta 1833 ta ƙarfafa hanin, ka ga ke nan kafin nan ana ɗauka. Wani Bafaranshe, Alexis de Tocqueville, da ya ziyarci garin a 1835, ya rubuta cewa a wata babbar masana'anta da ya shiga, wadda ake ɗauka ta gidan McConnel ce, mutum 1,500 ke aiki awa 69 a mako, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne da yara.

Akwai wani gumin kuma da ba a gani daga titin Redhill. Audugar da ta fi dacewa da siririn zare ita ce mai dogon gashi da ake nomawa a gaɓar Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka, kuma bayi baƙar fata ne ke noma ta. Duk bulon da ke wannan bango akwai rabonsu a ciki. Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 auduga ta yanke, yunwa ta shiga Lankasha, yankin da Manchester take ciki, gaba ɗaya, masu masana'antu suka koyi darasin cewa dogara ga gona ɗaya ganganci ne. Cikin jikokin wannan darasi akwai ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a Manchester a 1902, BCGA, wadda ta ɗora ido a kan Arewacin Najeriya ta kafa injinan gurza a su Zariya da Funtuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano, manoman Kano suka duba farashi, suka zaɓi gyaɗa. Wannan wani labari ne daban.

A gindin masana'antun aka cusa gidajen ma'aikata, baya da baya, bango ɗaya na raba gida biyu, babu ƙofar baya balle iska ta ratsa. Wasu iyalan a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke zaune. Ƙidayar 1851 ta sami mutum sama da 50,000 a wannan ɗan yanki. Wani likita, James Kay, wanda ke aiki a asibitin talakawan unguwar, ya rubuta halin da ya gani a 1832, shekarar da kwalara ta shiga garin, kuma wani marubuci Bajamushe, Friedrich Engels, ya biyo baya da nasa bayanin a 1845. 'Yan Ailan suka zo da yawa, daga baya 'yan Italiya, waɗanda suka kama sana'ar askirim har aka riƙa kiran wani ɓangaren unguwar Ƙaramar Italiya. A ƙarshen ƙarnin unguwar ta yi 'yan dabanta, samari masu faɗa da bel mai ƙarfe da wuƙa, kowace daba da sunan titinta. Ta titin Bengal ta fi shahara.

Sai a shekarun 1890 majalisar birni ta motsa. Ta gina Victoria Square, bene hawa biyar kewaye da tsakar gida, gidajen haya na hukuma na farko a Manchester. Kusa da shi ta jera wasu ƙananan gidaje a 1897, kowanne da ban-ɗakinsa da wurin wanke-wanke, abin da ya zama abin alfahari har aka sa wa titin suna Sanitary, wato titin tsafta. Mazauna ba su ji daɗin sunan ba, don kamar ana tuna musu ne cewa a da ƙazamai ne. A shekarun 1960 aka guntule kai da wutsiyar kalmar, ya koma titin Anita, sunan da yake amsawa har yau. Abin lura a nan, kuɗin hayar sababbin gidajen ya fi ƙarfin talakawan da aka rushe wa matsuguni don a gina su. A riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Faɗuwar ba ta da wani abin mamaki, irin ta sauran Lankasha ce. Indiya da Japan suka iya kaɗi da saƙa da araha. Gidan Murray ya daina kaɗi a shekarun 1950, gidan McConnel a 1959. Majalisa ta rushe yawancin tsofaffin gidaje a shekarun 1960 ta kwashe mutane zuwa bayan gari. Cocin St Peter's da aka gina a 1859 ya rasa masu ibada aka rufe shi a 1960. Masana'antun suka koma hannun ƙananan masu ɗinki da masu ajiyar kaya, kowa ya kama ɗaki ɗaya ko hawa ɗaya, babu mai gyara rufi. Jaridar Daily Express, wadda ta gina katafaren gidan baƙin gilashi a bakin unguwar a 1939, ta tattara ta tafi a ƙarshen shekarun 1980. Asibiti ma aka rufe shi a 1989.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Ingila tana da doka ta kare tsofaffin gine-gine tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana sa gini cikin rajista a ɗaya daga mataki uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu. Gine-ginen gidan Murray da na McConnel da wata tsohuwar masana'antar unguwar mai suna Beehive duk suna mataki na biyu mai tauraro, wanda bai wuce kashi shida cikin ɗari na abin da ke rajistar ba. Ma'anar shiga rajista ita ce mai gini ba shi da ikon rushewa ko sauya fasali sai da izini, kuma yin hakan laifi ne. Amma dokar ta fi ƙarfi wajen hana ka ɗaga guduma fiye da tilasta maka ɗaga tsani. Wanda yake so ginin ya tafi ba sai ya taɓa shi ba. Ya bar indararo ya toshe, ruwan Manchester da ba ya gajiya ya shiga katako, tantabaru su tare, bayan shekara goma injiniya ya zo ya ce ginin haɗari ne ga masu wucewa.

Haka kuwa aka yi. Manchester ta nemi karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 1996 da na 2000, dillalai suka ruga suka sayi gine-ginen Ancoats suna jiran farashi ya tashi. Duka biyun birnin bai samu ba. Masu sayen suka kulle ƙofofi suka yi zamansu, gobara ta riƙa tashi a kangwaye, ɓarayi suka kwashe dalmar rufi. Abin da ya rage da rai da dare shi ne wani gidan rawa mai suna Sankeys da aka buɗe a 1994 a ƙasan masana'antar Beehive, kuma masu zuwa can sun zaɓe shi ne saboda babu maƙwabcin da zai yi ƙorafin kiɗa.

Ceton ya zo ne daki-daki, kuma babu mataki ɗaya da zai isa shi kaɗai. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa wata ƙungiyar sa-kai ta kare gine-ginen unguwar, Ancoats Buildings Preservation Trust. A 1998 aka ayyana unguwar a matsayin yankin da ake karewa gaba ɗayansa, ba gini-gini ba, har da faɗin tituna da tsarin su. A 1999 gwamnati ta sa ta cikin jerin wuraren da take tunanin miƙa wa UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kodayake maganar ba ta kai ko'ina ba. Matakin da ya karya ƙashin bayan matsalar shi ne na 2002, lokacin da hukumar raya yankin arewa maso yamma ta yi amfani da ikon sayen dole: ta karɓe filaye da gine-gine daga hannun masu riƙe da su ta biya su diyya, ko suna so ko ba sa so. A ganina wannan ne ainihin maganin. Muddin gini yana hannun wanda ribarsa ke cikin rushewarsa, duk wata takardar rajista ado ce.

Daga nan kuɗi suka shigo, kuma kuɗin jama'a ne. Asusun kula da kayan tarihi, wanda ake tara wa kuɗi daga cacar ƙasa, ya ba da sama da fam miliyan bakwai don gyaran gidan Murray. Daga 2004 zuwa 2006 aka sake rufi, aka gyara bulo, aka mayar da tagogi irin na da, aka tono tafkin tsakar gida da aka daɗe da cikewa. Dabarar ita ce a gyara ƙwarangwal kawai, a hana ruwa shiga, a bar ciki fayau har a sami mai amfani da shi. An yi wa cocin St Peter's irin wannan gyara. Sai tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, gyararrun gine-gine suka ci gaba da zama babu kowa. Cocin ya fara samun mai shi: a 2013 ƙungiyar makaɗa ta Hallé, wadda ta fi shekara 150 a birnin, ta mayar da shi wurin gwajin kiɗanta.

Gidan Murray ya jira har 2014. A shekarar majalisar birni ta ƙulla haɗin gwiwa da kamfanin Abu Dhabi United Group, na Sheikh Mansour, mai kulob ɗin Manchester City wanda filin wasansa ba shi da nisa da unguwar. Suka kafa kamfanin gine-gine mai suna Manchester Life. Shi ya yanka masana'antar zuwa gidaje 124, ya kuma ta da sababbin benaye a filayen da ke kewaye. Cikin 'yan shekaru unguwar ta juye. Shagunan kofi, gidajen burodi, wuraren cin abinci, har ɗaya daga cikinsu, Mana, ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2019, na farko a birnin tun 1977. Gidan rawan da ya riƙe unguwar lokacin da kowa ya gudu an rufe shi a 2017, aka mayar da Beehive ofisoshi.

Ta fuskar bulo da katako, nasara ce babu tantama. Wanda ya ga hotunan titin Redhill na shekarun 1990, bishiyoyi na tsirowa daga tagogi, ba zai yi gardama ba. Gardamar tana wani wuri. A 2022 wasu masu bincike a Jami'ar Sheffield suka fitar da rahoto a kan yarjejeniyar. Suka ce majalisa ta ba da hayar filayen jama'a na shekara 999 a farashin da suke ganin ya yi araha, cewa mallakar gidajen ta bi ta kamfanonin da ke tsibirin Jersey, kuma cikin gidaje kusan 1,500 da aka gina a zagayen farko babu na masu ƙaramin ƙarfi. Majalisa ta musanta, ta ce masana masu zaman kansu ne suka kimanta filayen, kuma a lokacin babu wani mai kuɗi da ke son ko leƙa unguwar. Maganar majalisa tana da ƙamshin gaskiya, don kango ba ya tsada sai bayan an gyara na kusa da shi. Amma wa ya gyara na kusa da shi? Mai sayen tikitin caca da mai biyan haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma mutanen da suka saura. A ƙetaren ruwa akwai rukunin gidajen hukuma da aka gina a shekarun 1970, Cardroom, sunan da aka aro daga ɗakin shiɓar auduga. An rushe shi bayan shekarar 2000 aka gina sabuwar unguwa mai suna New Islington, da tashar ƙananan jiragen ruwa da benaye masu ban sha'awa. An gina wa wasu daga tsofaffin mazauna sababbin gidaje a wurin, wasu kuma sun watse. Abin da ya faru a Victoria Square shekaru sama da ɗari da suka wuce ya sake dawowa da sabuwar riga: an gyara wuri, gyaran ya fi ƙarfin aljihun mai wurin.

Shi ya sa labarin tsohon asibitin ya fi kama mini hankali fiye da na masana'antun. Ginin jan bulo ne mai hasumiya a titin Old Mill, na 1874, kuma yana cikin rajista a mataki na biyu. A nan ake ɗinke hannun da inji ya yanka, a nan kakannin 'yan unguwa suka yi layi. Bayan rufe shi ya lalace har rufi ya tafi, aka tallafe bangon da ƙarafa. A 2011 kamfanin da ke riƙe da shi ya nemi izinin rushewa, yana cewa tallafin da yake sa rai ya yanke. Waɗanda suka tsaya ba masana gine-gine ba ne, mutanen unguwa ne, da yawansu dattawa, suka kafa zaman dirshan a gefen titi cikin sanyi da ruwa, suna karɓa-karɓa, suna tara sa hannu. Suka kafa ƙungiya suka nemi mayar da shi cibiyar al'umma. Kuɗin da ake bukata su tara bai taru ba, shirin ya rushe. Amma jinkirin da suka jawo ya isa. Daga baya wata ƙungiyar gidajen haya, Great Places, ta karɓa, ta riƙe fuskar ginin da hasumiyarsa, ta gina gidaje 39 masu sauƙin haya a bayansu. Masu tsattsauran ra'ayin adana tarihi za su ce abin da aka ceta fata ce kawai, cikin sabo ne. Gaskiya ne. Sai dai cikin manyan tsofaffin gine-ginen unguwar, yana daga 'yan kaɗan da jikan mai ƙulla zare zai iya biyan hayarsa.

Ba zan iya kallon waɗannan bangaye ban tuna Kakuri ba, kuma ba kamanni kawai ba ne. Masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha aka kafa ta, David Whitehead and Sons, a daidai shekarun da injinan Ancoats ke yin shiru. Ita ma ta tsaya a 2002, shekarar da ake karɓe kangwayen Ancoats don gyara. Tazarar da ke tsakanin mutuwar kaɗi a gidan Murray da shigar mutum na farko da akwatinsa ta haura shekara 60.

Akwai wani abu da mai sauri ba zai lura da shi ba a unguwar. Lokacin gyare-gyaren, wani mai fasaha, Dan Dubowitz, ya dasa 'yan ƙananan idanu na tagulla a jikin wasu bangaye, kamar bakin tabarau mai hangen nesa, ba allo ba bayani. Sai ka sunkuya ka manna ido ɗaya. A bayan bangon akwai wuraren da aka toshe aka bar su yadda aka same su, da ɗan haske a ciki: wani lungu, wani rami, wani ɗaki da ƙura ta rufe. Tagullar ta yi sheƙi a gefe saboda goshin masu leƙe. Kana nan sunkuye, bayanka wani na wucewa da kare da kofin kofi a hannu, yana neman makullin ƙofar da a da mutum dubu ke bi kafin gari ya waye.